Ko Kwalliya Za Ta Biya Kuɗin Sabulu? Tsokaci Kan Sauya Ƙwaƙwalwar Kwamfutar Wasa

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla tamu, musamman malamanmu, za su yi mamakin cin karo da maganar kwamfutar wasa a shafin da aka saba ganin nazarin waƙa da karin magana da tarihin garuruwa. To, a gafarce ni. Dalilina shi ne, duk abin da yake cin kuɗin ɗalibi, yana hana shi barci, kuma yana haddasa gardama a ɗakunan kwananmu har tsakar dare, ya cancanci a zauna a tattauna shi da harshenmu. Balle ma harshen da aka daina zancen sababbin abubuwa da shi, sannu a hankali zai koma na tatsuniya da gaisuwar safe kaɗai.

Ga tambayar da nake so mu duba. Mutum yana da kwamfutar tebur wadda yake wasa da ita, sai ya ji labari an fito da sabon furosesa, watau ɗan ƙarfen nan mai kusurwa huɗu da bai kai tafin hannu ba, wanda jama'a suke kira ƙwaƙwalwar kwamfuta. Shin ya cire tsohon ya saka sabo, ko kuwa ya haƙura? In ya saka, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu? Ra'ayina, bayan shekarun da na yi ina kwance kwamfutoci ina ɗaurawa, nawa da na abokai, shi ne sau da yawa ba ta biya. Amma fa akwai lokutan da takan biya har da riba, kuma aikin mai hankali shi ne ya rarrabe tsakaninsu tun kuɗi bai bar aljihunsa ba.

Kada wani ya ce ai wasan ma ɓata lokaci ne, saboda haka a rufe maganar. Kakanninmu sun yi dara a gindin bishiya, iyayenmu sun yi langa a dandali, kuma an ba mu labari ɗaliban shekarun 1970 sun sha ƙarar da alawus ɗinsu a kan keke da rediyo mai kaset. Kowane zamani da abin da yake ɗauke wa matasa hankali. Abin da ya dame ni a nan shi ne yadda ake kashe kuɗin, domin wanda ya iya lissafi a kan abin wasansa, shi ne gobe zai iya lissafi a kan gina gida da riƙon iyali.

Bari mu fara da ɗan tarihi, domin a cikinsa ne wannan ɗabi'a ta samo asali. A shekarar 1971 kamfanin Intel na Amurka ya fito da furosesa mai suna 4004, yana ɗauke da tiransista 2,300, yana bugawa sau 740,000 a daƙiƙa guda. Tun a 1965 Gordon Moore, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin daga baya, ya lura cewa yawan abubuwan da ake iya cusawa a ɗan guntun silikon yana ninkawa a kai a kai, a 1975 kuma ya tsayar da lissafinsa a kan kowace shekara biyu. Saboda haka a shekarun 1990, wanda ya sauya furosesa bayan shekara uku kamar ya sauka daga jaki ne ya hau ingarman doki. Amma wajen 2004, lokacin da Pentium 4 ya kai bugu biliyan 3.8 a daƙiƙa, sai zafi ya taka wa wannan gudu birki. Furosesa Core i9-14900K da aka fito da shi a 2023 iyakarsa bugu biliyan 6, watau cikin kusan shekara ashirin yawan bugun bai ko ninka ba. Gaskiya ne kowane bugu na yau yana yin aikin da ya fi na da nesa ba kusa ba, kuma tun daga 2005 masu ƙira suka koma zuba ƙwayoyi biyu, huɗu, takwas a cikin furosesa guda. Duk da haka, tazarar da ke tsakanin na bana da na bara ta zama 'yar kaɗan, alhali ɗabi'ar ɗokin sabo da aka gada tun wancan zamani tana nan daram a zukatanmu.

Yanzu sai mu duba yadda kwamfuta take gudanar da wasa. Hoton da kake gani yana motsi a allo, hotuna ne tsayayyu masu yawa ake jero maka da sauri. In ana nuna 60 a daƙiƙa, kowane ɗaya dole a gama shi cikin kashi 1 bisa 60 na daƙiƙa. Ma'aikata biyu ne suke wannan aiki. Furosesa shi ne yake lissafa inda kowane ɗan wasa yake, inda ƙwallo za ta faɗa, da abin da abokin gaba zai yi. Sa'an nan ya miƙa wa katin hoto, shi kuma ya zana komai da launi da inuwa da haske. Ku ɗauka shagon tela ne ana gobe Salla. Akwai mai yanka, akwai mai ɗinki. In mai yanka yana yanka riga 100 a yini, mai ɗinki kuwa 60 kaɗai yake iya ɗinkawa, riga nawa za ta fita daga shagon? Sittin. To, in maigidan ya sallami mai yankan nan, ya ɗauko gwani daga birni mai yanka 200, ya biya shi kuɗi mai tsoka, riga nawa za ta fita? Sittin ɗin dai. Sai dai tulin yankakken yadi ya ƙaru a kan tebur. Wannan shi ne halin da mafi yawan kwamfutocin wasa na ɗalibai suke ciki: mai ɗinkin ne ya gaza, amma ana shirin sauya mai yanka.

Abin ya ƙara fitowa fili in muka duba girman hoto. Allo mai awon 1920 sau 1080 yana da ɗigo 2,073,600. Mai awon 2560 sau 1440 yana da 3,686,400. Wanda ake kira 4K kuwa yana da 8,294,400, watau ninki huɗu na na farkon. Duk ɗigon nan katin hoto ne yake cika su da launi ɗaya bayan ɗaya, furosesa kuwa kusan aikinsa bai canja ba, domin 'yan ƙwallo 22 ne a fili ko hoton ƙarami ne ko babba. Kamar a ce masu riguna sun ce a yi wa kowace riga aiki a wuya da aljihu. Wahalar mai ɗinki ce ta ƙaru, mai yanka ko a jikinsa. Saboda haka duk lokacin da ka ɗaga kyan hoto, kana ƙara nisanta kanka ne daga bukatar sabon furosesa.

Akwai kuma ma'aikaci na uku da ake yawan mantawa da shi, watau allon kallon kansa. Yawancin allunan da ke ɗakunanmu, musamman na hannu da ake kwasowa daga ofisoshin Turai, hoto 60 suke iya nunawa a daƙiƙa. In kwamfutarka tana samar da 90 ka sayi furosesan da zai kai ta 140, idonka dai cikakkun hotuna 60 zai ci gaba da gani. Shi wannan kamar mai bugu ne a ƙofar shago, wanda duk rigar da aka ɗinka sai ta bi ta hannunsa, shi kuwa sittin yake bugawa a yini ko sama da ƙasa za su haɗu. Wanda yake da allo mai nuna 144 ko fiye, shi ne yake da hujjar neman ƙarin gudu.

Sai maganar ƙwayoyi, wadda ta fi kowace ruɗar mutane. Za ka ji ɗalibi yana cewa nasa shida ne, na wane kuwa goma sha shida ne, don haka an fi shi kusan sau uku. A 1967 wani injiniya mai suna Gene Amdahl ya yi bayanin da ya rushe wannan lissafi. Ya nuna cewa a kowane aiki akwai ɓangaren da ba ya rabuwa, kuma wannan ɓangare shi ne yake yanke iyakar amfanin ƙarin ma'aikata. Noma yana rabuwa, shi ya sa ake gayya. Haƙar rijiya kuwa, mutum ɗaya ne yake shiga ƙasa, ko ka tara mutum ashirin a baki sai dai su taya jan guga. In rabin aikin wasa irin na cikin rijiya ne, ƙwaya takwas za su ba ka saurin da bai kai ninki biyu ba, wajen 1.8, goma sha shida kuma su ba ka wajen 1.9. Dubi kuɗin da ke tsakanin takwas da goma sha shida, sa'an nan ka dubi tazarar da ke tsakanin 1.8 da 1.9. Shi ya sa furosesan da ya yi suna wajen wasa a 2022, watau Ryzen 7 5800X3D na kamfanin AMD, ƙwayarsa takwas ce kawai. Abin da aka ƙara masa shi ne aljihun ajiya na kusa, daga megabait 32 zuwa 96, domin kada ya riƙa dogon aike wajen ɗauko bayanai.

To, me ya sa in ka ga sakamakon masu gwada kaya sai ka ga sabon furosesa ya yi wa tsohon fintinkau? Dalili shi ne da gangan suke haɗa shi da katin hoto daga cikin mafiya ƙarfi a duniya, irin RTX 4090 wanda aka fito da shi a 2022 a kan dala 1,599, sa'an nan su rage girman hoto, domin kada mai ɗinki ya tsayar da mai yanka. Ba ha'inci suka yi ba, haka gwajin yake bukata. Sai dai sakamakon da suka samu na kwamfutarsu ne. Kai da katinka bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin nasu ba, in ka ɗauki alƙalumansu ka yi wa kanka alkawari da su, ka yi sayen kifi a ruwa.

Wani yaro ɗan garinmu, yana aji biyu, ya taɓa samuna da wannan magana. Ya ce, "Yaya, wasana yana sarƙewa, na yanke shawara zan sayi 5800X3D. Na tara rabin kuɗin, sauran kuma zan taɓa na rajista, kafin a rufe na mayar." Na ce masa, "Kai, ƙanena, kuɗin rajista ba a taɓa shi ko da wasa. Tashi mu je in ga kwamfutar." Da muka je sai na tarar furosesansa Ryzen 5 3600 ne na 2019, mai ƙwaya shida, katin hotonsa GTX 1650, allonsa mai nuna 60. Sandar RAM guda ɗaya ce tak mai gigabait 8, wasannin kuma suna kan tsohon faifai mai juyawa. Muka kunna wasan muka sa ido a kan ma'auni. Katin hoto ya ƙure, yana aiki iyakar ƙarfinsa, furosesa kuwa yana hutawa abinsa. Muka buɗe akwatin, sai ga ƙurar hunturu ta toshe fanka kamar an yaɓa auduga. Muka share, muka sake shafa man da ake sawa tsakanin furosesa da abin sanyaya shi. Daga baya ya sayi sandar RAM ta biyu da faifan SSD na hannu, duka biyun ba su cinye abin da ya riga ya tara ba. Sarƙewar ta ragu ƙwarai, ya kuma yi rajistarsa a kan lokaci. Da ya bi son ransa, da ya ɗauko gwanin mai yanka ya zaunar da shi yana hamma.

Gwajin da muka yi kowa zai iya yinsa, kuma ba ya cin ko kwabo. Akwai Task Manager a cikin Windows, akwai kuma manhajar MSI Afterburner da ake samu kyauta, wadda take nuna ma'auni a gefen allo ana cikin wasa. Ka sa ido a kan katin hoto. In yana aiki kashi 95 cikin ɗari ko fiye, shi ne ya gaza, ka bar furosesa ya sarara. In kuwa katin yana ƙasa sosai alhali wasan yana tafiyar hawainiya, to akwai abin da yake riƙe shi. A nan a yi hattara da jimillar da ake nunawa ta aikin furosesa, domin ƙwaya ɗaya tana iya ƙurewa sauran suna zaune, sai jimillar ta nuna kamar babu matsala. Gwaji na biyu ya fi sauƙi. Ka rage girman hoto da kyansa zuwa ƙasa. In gudun ya ƙaru, laifin katin hoto ne. In bai motsa ba, sai a fara zargin furosesa, ko ƙarancin RAM, ko zafi. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma likita ba ya yanka kafin ya auna.

Mu ɗauka gwaji ya nuna lalle furosesan ne. Har yanzu da sauran lissafi, domin furosesa ba ya tafiya shi kaɗai. Kowanne yana da irin gurbin da yake zama a kan uwar allo, kuma masu ƙira sukan sauya gurbin bayan 'yan shekaru. A wajen Intel, gurbin LGA1200 ya ɗauki zubi na 10 da na 11, LGA1700 ya ɗauki na 12 da na 13 da na 14 daga 2021 zuwa 2023, a 2024 kuma aka koma LGA1851. A wajen AMD, gurbin AM4 ya fito a 2016 ya daɗe ana cin moriyarsa, har aka fito da AM5 a watan Satumba na 2022, wanda ba ya karɓar tsohon RAM na DDR4, sai DDR5. Ma'anar wannan ita ce, mai son tsallakawa daga tsohon gurbi zuwa sabo zai sayi abu uku a lokaci guda: furosesa, da uwar allo, da RAM, wani lokaci har da abin sanyayawa. Ga shi kuma a ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun yi wa kasuwar wawa. Ka fita sayen akuya, ka dawo an ɗora maka kuɗin turke da igiya da dusa da gina garke.

Sa'an nan duk kayan nan da dala ake sayo su, mu kuwa da naira ake aiko mana. Kafin watan Yuni na 2023, farashin dala a hukumance wajen naira 460 ne. A watan Fabrairu na 2024 ta haura 1,500. Shi 5800X3D da ƙanen nan nawa ya ƙwallafa rai a kansa, a kan dala 449 aka fito da shi. In aka lissafa a kan 460, naira 206,540 ke nan. In aka lissafa a kan 1,500, ya zama 673,500. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne, watau kuɗin wannan ɗan ƙarfe ya fi albashin wata tara na ƙaramin ma'aikaci. Ko Ryzen 5 5600, wanda ya fito a shekarar 2022 a kan dala 199, a wannan lissafi naira 298,500 ne, kusan kuɗin wata goma sha biyar na naira 20,000 da asusun ba ɗalibai rance ya fara bayarwa duk wata a 2024. Ɗan Amurka da yake ba da shawara cewa ai dala ɗari biyu ba wani abu ba ne, gaskiyarsa ya faɗa. Mu dai mu tuna buhun masara nawa aka sayar a gida kafin kuɗin ya iso hannunmu.

Bayan saye kuma akwai ciyarwa. Ryzen 5 5600 an ƙera shi a kan wat 65, 5800X3D a kan 105, Core i9-14900K kuwa yana iya jan 253 in aka matsa masa. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit. In sabon furosesa ya ƙara maka wat 100, kana wasa awa huɗu kullum, yunit 12 ke nan a wata, watau naira 2,700 a wancan farashi. Mai amfani da inbata ya san batirinsa zai riga lokacinsa mutuwa, mai janareto kuma ya san abin da litar fetur ta zama tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Ga kuma zafin bazara. Furosesa in ya doshi digiri 90 zuwa 100 yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Saboda haka mai ƙarfi a ɗaki mai zafi, cikin akwati mai ƙura, yana iya komawa daidai da mai araha da aka kula da shi. Ka biya kuɗin doki, ka samu tafiyar jaki.

Masu kwamfutar cinya kuwa, maganarsu gajera ce. Kusan duk waɗanda aka ƙera cikin shekaru goman da suka wuce, furosesansu a like yake da dalma a jikin uwar allo, ba ya ciruwa. Abin da za su iya ƙarawa shi ne SSD, da RAM in an bar masa gurbi. Masu tsofaffin kwamfutocin ofis irin na HP da Dell, waɗanda suka cika kasuwanninmu tun daga Kwamfuta Bileji ta Ikeja har titin Beirut na Kano, su ma su yi hattara. Uwar allonsu da tukunyar wutarsu sau da yawa ƙira ce ta musamman, ba kowane abu suke karɓa ba. Wanda yake da Core i5-3470 na 2012, iyakar tafiyarsa Core i7-3770 na wannan shekara, kuma zuba kuɗi mai yawa a nan kamar yi wa tsohon gini fenti ne alhali tushe ya zauna. In kuma na hannu za ka saya, kada ka biya sai an saka shi a gabanka ya yi aiki, ka duba ƙafafunsa ko ƙafafun gurbin ba su lanƙwashe ba. Araha ba ta ado.

To, yaushe ne kwalliya take biyan kuɗin sabulu? A ganina sai abu uku sun haɗu, ko aƙalla biyu daga ciki. Na farko, irin wasan da kake yi ya kasance mai wahalar da furosesa ne. Wasanni irin su Football Manager, da Civilization VI, da Cities: Skylines, da Microsoft Flight Simulator, lissafi ne ya yi musu yawa, haka nan masu gasar Counter-Strike 2 ko Valorant a kan allo mai nuna 144 zuwa sama. Na biyu, uwar allonka ta kasance za ta karɓi sabon ba tare da ka sauya komai ba. Na uku, kwamfutar ta kasance tana yi maka wani aikin ban da wasa, ko kuma tsufan furosesan ya fara rufe maka ƙofa. Misali, Windows 11 da ya fito a 2021 ba ya karɓar furosesan Intel da ya girmi zubi na 8 a hukumance, in ban da 'yan kaɗan, haka nan Ryzen na zubin farko, shi kuwa Windows 10 an daina ba shi cikakkiyar kulawa tun ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Wani abokina a sashen injiniya duk ukun suka haɗu a kansa. Yana da Ryzen 5 1600 na 2017 a kan uwar allo ta AM4. Wasansa Football Manager ne, kuma da wannan kwamfuta yake zane da lissafin aikinsa na shekarar ƙarshe, yana kuma yi wa mutane haɗa bidiyon biki yana samun na sabulu. Ya sayi Ryzen 5 5600 na hannu, ya sayar da tsohon ya rage asara, bai sauya uwar allo ko RAM ko fanka ba. Tazarar shekara biyar ya tsallake da sayen abu guda. Aikin da yakan bari ya tafi masallaci ya dawo bai gama ba, ya koma gamawa kafin ya ɗaura alwala, kuɗin kuma ya fito daga aikin biki cikin 'yan watanni. Wannan ita ce sauyawar da nake goyon baya. Abu ɗaya da ya kiyaye, wanda nake roƙon kowa ya kiyaye, shi ne sabunta manhajar BIOS ta uwar allo kafin a cire tsohon furosesa, domin in ba haka ba sabon ba zai tashi ba. Kuma ya ɗauki kwamfutar ya kai inda ake da inbata, saboda in wuta ta ɗauke ana tsakiyar wannan aiki, uwar allon tana iya mutuwa ɗungurungum. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani abu da ma'auni ba ya nunawa, kuma ina jin shi ne ainihin ciwon. Sau da yawa mutum yana jin daɗin wasansa lafiya lau, har ranar da ya shiga ɗakin wani ya ga akwati mai gilashi da fitilu masu launi, ya ji an ambaci wata lamba da ta fi tasa. Daga ranar sai kwamfutarsa ta fara yi masa nauyi, alhali ita ba ta canja ba. Kamfanonin nan kuwa duk shekara sai sun fito da sabo, domin sana'arsu ke nan. Bayan 5800X3D na 2022 an yi 7800X3D a 2023, an yi 9800X3D a 2024. Wanda ya ce sai ya riƙe na gaba-gaba kullum, ya shiga tseren da ba shi da ƙarshe, kuma da kuɗin wani yake gudun. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Ni kuwa na lura cewa waɗanda suka fi kowa iya wasan a ɗakunanmu, galibi ba su ne masu kwamfuta mafi tsada ba.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce a bi abin daki-daki. A fara da share ƙura da sabunta man sanyaya. A tabbata sandar RAM biyu ce, kuma wasa yana kan SSD. A yi gwajin nan guda biyu da na ambata. In katin hoto ne ya gaza, a tara kuɗi dominsa. In furosesa ne, a duba ko gurbin zai karɓi wanda ya fi shi da tazara mai yawa, domin tsallake zubi ɗaya tak ba ya biyan wahala. A haɗa kuɗin duk abin da zai biyo baya a takarda, a cire abin da za a samu in an sayar da tsohon, sa'an nan a tambayi kai ko wannan kuɗi nawa ne na kaina, ko kuwa na rajista ne da abinci da littattafai. In amsar ita ce ta biyu, maganar ta ƙare, daidai ruwa daidai tsaki.

Ga malamanmu kuma, ina roƙon in kun ga ɗalibi yana wannan lissafi kada ku kore shi da cewa shirme ne. Ku tambaye shi hujjarsa, ku sa ya kawo alƙaluma, domin a cikin wannan 'yar gardama akwai lissafi, akwai kimiyya, akwai tattalin arziki, har da sanin halin zuciya. Ina kuma fatan wani daga cikin masu nazarin harshe zai ɗauki kalmomin da na yi amfani da su a nan, irin su uwar allo da gurbi da ƙwaya da katin hoto, ya gyara waɗanda suka karkace, ya kawo waɗanda suka fi su a fitowa ta gaba. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya sa albarka a cikin ɗan abin da iyaye suke aiko mana, Ya kuma ba mu sa'ar jarrabawa. Wassalam.